Yadda na je ganin giwaye a Chiang Mai, da abin da na so a ce an gaya mini tun ina Kaduna

Tun ranar da na ɗora ɗan bidiyon giwaye a WhatsApp mutane ke tsayar da ni, a kasuwa, a masallacin unguwa, har a wajen wani ɗaurin aure a Tudun Wada. Tambayar kowa ɗaya ce: ina ne wannan wuri, nawa aka kashe, ta ina ake bi? Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda na ba labarin a tsaye rabin daɗin kawai yake ɗauka ya tafi. Shi ya sa na zauna na rubuta shi daki-daki, har da inda na yi wauta da kuɗina, don mai niyya ya san abin da zai tarar.

Ni ɗan kasuwa ne, kayan yara da takalma nake sayarwa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Maigidana Alhaji, wanda ya ɗora ni a kan sana'ar, ya daɗe yana saro kaya a Bankok, babban birnin ƙasar Tailan, kuma ya ce lokaci ya yi da zan bi shi a tafiyar Disambar 2024 in ga hanya da idona. Maganar giwa kuwa daga gida ta taso. Autata tana haddar Alam tara kaifa a Islamiyya, malaminsu ya ba su labarin Abraha da rundunarsa, ta dawo tana tambayata: "Abba, kai ka taɓa ganin giwa?" Na ce na taɓa zuwa Yankari, amma gaskiya sawu da kashi kawai na gani, sai gwaggon birin da ya ƙwace mini burodi a bakin ruwan Wikki. Da ta ji ƙasar da zan je akwai giwaye, sai ta ɗaure ni da alkawari: in kawo mata hotona a kan giwa. Na amsa ban yi wani tunani ba. Wannan alkawarin ne ya ja ni kilomita kusan 700 daga Bankok zuwa birnin Chiang Mai a arewacin ƙasar.

Takardu ne suka fi cin lokaci. Ɗan Najeriya mai neman bizar Tailan sai ya fara samo takardar wankewa daga hukumar NDLEA mai yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, wadda ke nuna ba shi da tabo a wannan fanni. Na cike fom, na biya ta banki, na kai hotuna da fasfo da bayanan masu tsaya mini, aka ɗauki hoton yatsuna, aka ce in jira. Tawa ta ɗauki kusan mako biyu, don haka kada ka sayi tikitin jirgi kafin ta fito. Na biyu shi ne katin rigakafin shawara, katin nan mai ruwan ɗorawa. Allurar sau ɗaya ake yinta a rayuwa, amma sai ta kwana goma a jiki kafin katin ya fara aiki, saboda haka wanda bai taɓa yi ba ya yi da wuri. Daga nan na haɗa bayanan asusun banki, takardar rajistar kasuwanci, shaidar masauki da tikitin zuwa da dawowa, na hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu na kai ofishin jakadancinsu a Abuja. Sau biyu na yi wannan zirga-zirga, domin a karon farko na manta ban sa banki ya buga hatimi a kan bayanan asusun ba. Laifina ne, Alhaji ya gaya mini na sha'afa. Daga farkon 2025 sun mayar da neman bizar ta intanet, kuma daga watan Mayu na shekarar akwai katin shiga ƙasa da ake cikewa a waya kafin a sauka, don haka wanda zai je yanzu ya duba shafinsu, kada ya dogara da yadda na bi.

Mun tashi daga Abuja a jirgin Habasha, muka sauya a Adis Ababa, daga can awa tara da wani abu zuwa Bankok. Agogonsu ya riga namu da awa 6. A filin jirgin Suvarnabhumi na yi kuskuren da ake ce mini baƙi da yawa na yi. Alhaji ya shiga bayi, ni kuma na ga dogon layi na bi, na tsaya minti arba'in, sai da na iso gaban jami'in shige da fice ya duba koren fasfona ya nuna mini hanyar da na fito. Ashe wanda ya zo daga ƙasar da ake da zazzaɓin shawara sai ya fara zuwa teburin jami'an lafiya, ya cike 'yar takarda, su duba katinsa su buga hatimi, sannan ya shiga layi. Na koma na tarar Alhaji ya gama nasa yana ta dubana. Ya yi dariya ya ce, "Giwa a garin wani zomo ce. Kai da ke tsara layin lebura a kasuwa, yau ga ka ana kora ka baya." Na sake sabon layi. Muka yi kwana biyar muna saro kaya a kasuwar Pratunam ta Bankok, muka miƙa wa masu kago, ranar ta shida da yamma muka hau jirgin ƙasa mai gadon kwana daga tashar Krung Thep Aphiwat. Kuɗin gado bat 1,000 da 'yan kai. Bat shi ne kuɗinsu, kuma a lokacin dala ɗaya tana ba da bat 34 ko kusa da haka. Mun tashi bayan magariba, muka sauka Chiang Mai da hantsi bai gama ɗagawa ba, cikin sanyi irin na hunturunmu amma babu ƙura.

Mun kama masauki kusa da masallacin Ban Haw, wanda Musulmin da suka yi ƙaura daga Yunnan ta ƙasar Sin suka kafa, dab da kasuwar dare. Wannan shawarar Alhaji ce kuma ita ce mafi amfani a duk tafiyar, domin layin cike yake da gidajen abincin halal. A can na fara cin taliyarsu mai romon kwakwa da kaza da suke kira khao soi. Niyyata tun farko in je Elephant Nature Park, wurin da wata mata mai suna Lek Chailert ta kafa a kwarin Mae Taeng, wanda ya yi suna wajen karɓar giwayen da suka tsufa ko suka nakasa, kuma ba a hawa. Na buɗe shafinsu na ga duk ranakun da muke da su sun cika. Disamba lokacin baƙi ne, ga shi a watan Oktoba ambaliya ta shiga wurin har giwaye biyu suka mutu, suna ta gyare-gyare. Da tun ina Kaduna na kama gurbi, da sauran labarin nan bai faru ba. Sai na sauko wajen mai karɓar baƙi na masaukinmu, ta zaro mini takardun talla sun fi goma. Kowace na ɗauke da hoton Baturiya tana rungume da hancin giwa, kowace kuma ta kira wurinta da kalmar Turanci mai nufin mafaka. Ban san babu wata doka da ta hana kowa rubuta wannan kalma a allonsa ba. Na zaɓi mai araha, rabin yini bat 1,800, na biya nan take, ta ba ni rasit ta ce mota za ta zo ƙarfe bakwai na safe. Alhaji ya ce shi gwiwarsa ba za ta kai shi daji ba, zai jira ni a masallaci.

Mota ta zo bakwai da rabi, ta zaga masaukai biyar tana kwasar mutane har muka cika goma sha biyu, ni kaɗai ne baƙar fata. Tafiyar awa ɗaya da rabi ce, ƙarshenta hanyar ƙasa mai hawa da gangara. Da isarmu aka rubuta sunayenmu, muka sa hannu a takardar da ke cewa in wani abu ya same mu ba ruwansu, aka ba kowa riga mai faɗi ta saƙa da jakar ayaba da rake. Muka zagaya bayan rumfa, sai ga su. Ba zan ɓoye ba, gabana ya faɗi, na ji bakina yana subhanallah ban shirya ba. Duk kirarin da muke yi mata tun muna yara, giwa karya itace, ba ya shirya mutum ga tsayuwa a gabanta. Kuma wannan ƙaramar ce a kan tamu. Giwar Asiya kunnenta ƙarami ne, kanta yana da tudu biyu, matan ba su da dogon haure, kuma a bakin hancinta ɗan yatsa ɗaya ne, ta Afirka biyu. Fatarta kaushi gare ta, da gashi tsaye kamar tsintsiyar kwakwa, a kunne da hanci akwai ɗigo-ɗigon fari-fari mai ja. Na miƙa ayaba, hancin ya zo ya shinshina hannuna da ɗumi da danshi, ya ɗauke, kafin in zaro ta biyu ya riga ya shiga jakar da kansa. Minti goma na farko ban ga komai ba sai ikon Allah.

Bayan nan ne idona ya sauka ƙasa. Giwaye bakwai ne a jere a kan siminti, kowace da sarƙa a ƙafar gaba, tsawonta bai fi taku biyu nawa ba. Ta ƙarshen layin ba ta damu da ayabarmu ba, kai kawai take kaɗawa dama da hagu, ta ɗaga ƙafa ta ajiye, ta sake, ba tsayawa. Jagoranmu ya ce rawa take yi don murnar ganinmu, mutane suka yi dariya suna ɗauka a waya. Ni na tashi a gidan da ake ɗaure doki, na san dabbar da turke ya ishe ta in na gan ta. Duk da haka, da aka ce mai son hawa ya ƙara bat 800, na tuna alkawarin autata na zaro kuɗi. Aka hau da ni wani dandamalin katako, na zauna a kujerar ƙarfe da aka ɗaure mata a gadon baya da igiya ta ƙarƙashin ciki da wutsiya. Makiyayinta, yaro ne da bai wuce shekara ashirin ba, yana zaune a wuyanta, ƙafafunsa a bayan kunnuwanta, a hannunsa sanda mai ƙugiyar ƙarfe. Daga sama na ga abin da ba a gani daga ƙasa: tabo a goshinta da gindin kunne, wasu sun warke, biyu sababbi an shafa musu shuɗin magani. Da ta tsaya za ta fizgi ganye a gefen hanya, ya ɗora ƙugiyar a daidai wurin ya ja. Ba ta yi kuka ba, ta dai saki ganyen ta ci gaba. Minti ashirin aka ce, na ji kamar yini. Da na sauka ma ba a kwance mata kujerar ba, wasu biyu suka hau. A bakin fita aka miƙo mini hotona a cikin kwali, bat 300, ina murmushin da ban san lokacin da na yi shi ba. Na biya na cusa a jaka.

Saura wanka a rafi. Aka kora uku cikin ruwa, aka ba mu bokiti da buroshi, makiyayan suna daka musu tsawa su kwanta, su tashi, su fesa ruwa a daidai lokacin da mai hoto ya shirya. Ban shiga ba, na zauna a kan dutse kusa da jagoran, muka yi hira da ɗan Turancin da muke da shi ni da shi. A nan na fara fahimtar tushen abin. A da giwaye ne ke jan gungumen katako daga dazukan arewacin ƙasar. A 1989 gwamnati ta hana saran daji bayan wata mummunar ambaliya da aka yi a kudu shekarar da ta gabata, dare ɗaya dubban giwaye da masu su suka rasa aiki. Wasu suka shiga bara da su a titunan Bankok, sauran suka koma nishaɗantar da baƙi. A yau akwai kusan 3,800 a hannun mutane. Dokar da ke kansu ta 1939 ce, wadda ta sa giwar gida a sahu ɗaya da doki da jaki da shanun noma, wato dukiya ce mai takardar rajista, a sayar, a ba da haya. Da yawan wuraren nan ma haya suke ɗauko giwayen daga masu su. Babbar giwa kuma tana cin abin da ya kai kilo 150 zuwa 200 a yini, ciyawa, karan masara, ayaba, kabewa. Ya ce lokacin korona da baƙi suka ɗauke ƙafa, makiyaya da yawa a ƙasa suka taka da giwayensu kwana da kwanaki zuwa ƙauyukansu na kan duwatsu, don babu abin ciyar da su. Yaron da ya ɗauke ni ɗan ƙabilar Karen ne daga Bama, ƙasar nan da kakanninmu suka je yaƙi a zamanin Turawa, kuma a bukka yake kwana kusa da turken giwarsa. Na tambayi jagoran yadda ake sa dabba mai nauyin tan uku ta yarda a hau ta. Ya ce su ba sa yin abin da ake faɗa, ya miƙe ya tafi kiran mutane cin abinci.

Abin da ake faɗar na karanta shi a daren a wayata. Suna kiransa phajaan. Ana raba ɗan giwa da uwarsa yana ƙarami, uwar da ta ɗauki cikinsa wata 22, a matse shi a cikin keji na gungume, a ɗaure, a hana shi barci da abinci, a yi ta dukansa har ya daina turjiya. Ban ga an yi wannan da idona ba, kuma ba na cewa duk giwar da ke ƙasar ta bi ta nan. Amma na ga yadda wadda na hau ta saki ganye don ƙarfe ya taɓa goshinta. Na kuma karanta cewa ƙashin bayanta yana da tsini-tsini masu kallon sama, bai dace da ɗaukar kujera da mutane yini guda ba. Na nuna wa Alhaji hoton bayan isha'i, na ba shi labari. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tuna mini hadisin raƙumin da ya ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye, har Annabi ya nemi mai shi ya ce masa ya ji tsoron Allah game da dabbar, domin ta kai ƙarar yana barinta da yunwa yana kuma wahalar da ita. Na ce, "Alhaji, to ai in baƙi suka daina zuwa, yunwar ce za ta kashe su." Ya ce, "Ban ce ka daina zuwa ba. Kai ɗan kasuwa ne, ka san abin da aka saya shi ake sarowa. Ka duba wa kake ba kuɗinka." Muna da sauran kwana biyu, sai na yanke shawarar sake gwadawa.

A karo na biyu ban bi ta teburin masauki ba. Na nemo wurare uku da kaina, na aika wa kowanne tambayoyi ta WhatsApp: ana hawa, ana wanka da su, mutum nawa kuke ɗauka a yini, kuma a ina giwayen ke kwana? Na farko ya aiko mini da hotuna da farashi, bai amsa ko ɗaya ba. Na biyu ya ce duk abin da nake so za a yi mini, har ɗan giwa zan iya runguma, na gode masa. Ta uku mace ce, ta amsa a taƙaice: ba hawa, ba wanka, ba taɓawa, mutum takwas a yini, giwaye huɗu, da dare suna cikin shinge, kuma in ɗaya ta rikice ko likita zai duba ta ana sa mata doguwar sarƙa. Wannan maganar sarƙar da ba ta ɓoye ba ita ta sa na yarda da ita. Kuɗin yini guda bat 2,500, kusan dala 75, har da mota da abinci. Na biya rabi ta kati, saura a can.

Wannan karon kudu maso yamma muka yi, wajen Mae Wang. Babu rigar saƙa, babu jakar ayaba. An zaunar da mu aka karanta mana doka: kada a matsa kusa fiye da inda jagora ya tsaya, kada a shiga tsakanin giwa biyu, kada a tsaya a bayanta, kada a ɗaga murya. Muka shiga daji a ƙafa, hawa da gangara kusan minti arba'in, ni da takalmin fata na zuwa Juma'a, sau biyu ina zamewa. Kafin mu gan su muka ji su, ƙarar gora tana karyewa kamar ana harbi. Muka tsaya a kan wani tudu, suna ƙasa da mu kamar taku talatin. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba su kula mu ba ko kaɗan. Ɗaya ta tumɓuke ciyawa, ta kakkaɓe ƙasar a gwiwarta sau uku kamar mace na kakkaɓe tabarma, sannan ta kai baki. Wata ta ɗebi jar ƙasa ta watsa a bayanta, jagorar ta ce maganin rana da ƙwari ke nan, kuma shi ne abin da masu wanka da buroshi ke wanke mata sau uku a yini. Akwai tsohuwa da ta haura shekara sittin, idonta ɗaya ya mutu, ƙafar baya ta karkace tun zamanin jan katako, gadon bayanta ya lotsa. Komai lalacewar giwa ta fi kwando goma, amma wannan kana ganinta ka san ta sha duniya. Kullum tana jingine da wata ƙawarta, in ta yi nisa sai ta yi wani gurnani daga ciki wanda na fi jinsa a ƙirjina fiye da kunnena, ƙawar ta dawo ta sa mata hanci a baki. Makiyayansu na zaune a gindin bishiya, ɗaya yana danna waya, da jakar abinci a kafaɗa, ban ga ƙugiya a hannun kowa ba. Awa biyu muka yi muna binsu daga nesa. Da rana ta take suka gangara rafi da kansu, suka kwanta a ruwa babu mai ba su umarni.

Da azahar na nemi wurin salla, suka shimfiɗa mini tabarma a rumfa, na duba alƙibla a waya, can yamma take ba gabas ba. Abincin shinkafa ne da ganye da ƙwai da 'ya'yan itace, na riga na gaya mata ba na cin naman da ban san yankansa ba. Bayan nan aka sa mu aiki: muka kirɓa dafaffiyar shinkafa da tsamiya da ayaba da gishiri a turmi, muka dunƙula kamar fura, don tsohuwar da haƙoranta suka ƙare. Giwa sau shida take fitar da turamen haƙori a rayuwarta, in na ƙarshe suka cinye sai tauna ta gagara. Mu muka dunƙula, makiyayinta ya kai mata. Kafin mu tafi na roƙi a nuna mini inda suke kwana, aka kai ni. Shingen ƙarfe ne mai faɗin kamar rabin filin ƙwallo, ƙasa ce ba siminti ba, da tulin yashi inda suke jingina, da sarƙa a rataye a jikin wani ginshiƙi. Ba daji ba ne, kuma su ma ba su ce daji ba ne. Giwar da ta tashi a hannun mutum da wuya a sake ta, dajin ya ragu, gonakin mutane sun kewaye shi.

Ga lissafin abin da giwaye kaɗai suka ci mini, ban da jirgi da masauki: bat 2,900 a wurin farko, 2,500 a na biyu, da 200 da na ba makiyayin tsohuwar. Wato wurin da na ɗauka mai araha shi ya fi tsada. Wanda zai je, ya kama gurbi tun yana gida, mako uku ko huɗu kafin tafiya in lokacin sanyi ne, kuma ya guji Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da hayaƙin ƙona gonaki ke rufe Chiang Mai. Kada sunan wuri ko hoton takardar talla ya ruɗe shi. Ya tambayi inda suke kwana da yawan baƙin da ake ɗauka, ya kuma duba hotunan da baƙi suka ɗora da kansu, ya kalli ƙafafun giwayen da hannun makiyayan. In ya ga ana tallar jariran giwa da yawa, ya tambayi ina iyayensu. Ya sa takalmi mai kama ƙasa, ya riƙe tsabar kuɗi don ba ko'ina kati ke aiki ba, ya faɗi maganar abincinsa tun wajen biya. Maganar wanka kuwa ba tausayin giwa kaɗai ba ne. Makonni kaɗan da dawowata, a farkon Janairun 2025, giwa ta kashe wata ɗaliba 'yar Sifen a wani tsibiri na kudancin ƙasar tana tsakiyar yi mata wanka. Na tuna takardar da na sa wa hannu ban karanta ba.

Na iso Kaduna da daddare, autata ba ta yi barci ba. Ko jaka ban ajiye ba ta ce, "Abba, ina hoton?" Na ba ta wayata na buɗe mata bidiyon tsohuwar da ƙawarta a rafi. Ta kalla sau uku, ta ce to ina ni a ciki. Na ce ni ne na riƙe wayar. Ba ta gamsu ba, washegari ta binciko kwalin a ƙasan jakar tsaraba ta kawo mini a guje. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗora yatsa a goshin giwar ta tambaye ni wa ya shafa mata shuɗi.